Cittar Sabon Tasha Tana Neman Wurin Shanya

Mai girma Shugaban Taro, mai girma wakilin Gwamna, iyayenmu hakimai da masu unguwanni, shugabannin 'yan kasuwa da na masaƙu, manajojin banki, fastoci da limamai, malamaina, iyayena mata da iyayena maza, jama'ar Kakuri da Mahuta da Sabon Tasha, da duk wanda ya ƙetaro gada domin wannan taro, ina gaishe ku da girmamawa.

Sunana Irene Sylvanus, ina aji huɗu a sakandare. Kafin in ce komai, ina roƙon gafara. Ban kai in tsaya a gaban manya ba, balle in rubuta abin da za su zauna su saurara. Da aka kawo wa Ƙungiyar Mata Masu Citta ta Sabon Tasha takardar gayyata, shugabar ƙungiyar, wadda ita ce mahaifiyata, Martha Sylvanus, ta ce ita bakinta na kasuwa ne, ba na lasifika ba. Na ce, "Mama, ni ma fa ko a aji ba na ɗaga hannu." Ta ce, "Citta ce ta kai ki makaranta. Tashi ki je ki yi mata magana." Shi ya sa kuka gan ni a nan.

Muna godiya ga kwamitin da ya shirya wannan taro domin duba yadda za a zuba jari a ƙananan sana'o'i na wannan ƙetaren kogin Kaduna. Muna godiya da kuka tuna cewa ba mai injin kaɗai ke da sana'a ba, har da mai wuƙa da tire.

Abu na farko, ku san ko su wane ne mu. Mata ashirin da uku ne a ƙungiyarmu. Yawancinsu mazajensu ma'aikatan masaƙun Kakuri ne da aka sallama lokacin da aka rage ma'aikata, kuma mahaifina yana cikinsu, bayan shekara goma sha huɗu yana tsaye gaban inji. Da albashi ya tsaya, matan nan ba su zauna suna kuka ba. Suka aika gida, Kwoi da Kachia, 'yan'uwa suka riƙa ɗoro musu ɗanyar citta a mota. Su wanke, su tsaga ta biyu da wuƙa, su shanya, su sayar wa dillalai. Dillali ya zo, ya damƙi citta, ya yatsine fuska, ya ce akwai yashi, ya kwashe ya tafi. Ina ake kai ta, wa yake cin ta, babu wadda ta sani.

Abu na biyu, kuskuren da muka yi. Ba na jin kunyar faɗinsa, domin da shi muke alfahari.

Bayan gwamnati ta buɗe hanya kowa ya iya fitar da amfanin gona waje, wani dattijo mai fitar da fatu, Alhaji Isiyaku, wanda ya san mahaifina tun yana masaƙa, ya kawo mana adireshin wani ɗan kasuwa a ƙasar Holan. Ya ce mu aika masa samfur, wato ɗan abin da zai gani ya san irin kayanmu. Ya faɗa ya yi tafiyarsa Legas, bai yi mana ƙarin bayani ba, domin bai zaci akwai abin bayani a ciki ba.

To, ku iyayena kun san tarbiyyarmu. Abin da za a miƙa wa baƙo, da abin da za a kai coci ranar godiyar kaka, ba a ɗebo shi da ka. Zaɓa ake yi. Saboda haka matan suka zazzage buhu huɗu a tsakar gidanmu, suka zauna suna tsinta ɗaya bayan ɗaya: wannan ta yi siriri, wannan ta yi baƙi, wannan tana da tabo. Mama Larai, mai ajiyar kayanmu, ga ta can zaune kuma ta ba ni izinin ambaton sunanta, har sabon buroshin haƙori ta sayo ta goge kowace ɗaya. Ta ce, "Bature zai gani. Kada ya ce ba a yi mana tarbiyya ba." Daga buhu huɗu, abin da ya tsira bai cika mudu biyu ba. Na rubuta wasiƙa da Turanci, muka kai gidan waya.

Bayan mako biyar amsa ta zo. Mutumin ya ce bai taɓa ganin citta mai tsabta haka ba, kuma yana son buhu arba'in, kowane buhu daidai da samfurin. Na karanta, na fassara, aka yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Muna cikin murna Alhaji Isiyaku ya shigo. Aka nuna masa ragowar samfurin. Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya dubi buhunan da ke jingine a bango, ya sake dubanta.

Ya ce, "Maman Irene, duk cittarku haka take?"

Mama ta ce, "Haba Alhaji! Wannan ai ta baƙo ce."

Alhaji ya cire hula, ya daɗe yana sosa kai. Sannan ya ce, "Bayin Allah, ba kyauta kuka aika masa ba. Alkawari kuka aika." Ya bayyana mana cewa a wannan ciniki, abin da ka nuna shi za ka kawo. In aka buɗe buhu a can aka ga bai yi daidai da samfur ba, za a ƙi kayan, a kuma rubuta sunanmu cikin waɗanda ba a sake amsa wasiƙarsu.

Can Mama Larai ta ce, "To, mene ne abin tashin hankali? Mu sa mai kyau a bakin buhu, sauran a ƙasa. Haka kowa yake yi a kasuwa. Bature zai zauna ya zazzage buhu arba'in ne? Ba shi da aikin yi?"

Mama ta ce, "Larai, ke da kika yi wa citta wanka da buroshi, yau ke ce mai cewa a ɓoye ta?" Aka yi dariya, har da Mama Larai. Sannan Mama ta miƙe ta ɗaure zane, ta ce, "Mun riga mun nuna masa fuskarmu ta ranar Lahadi. To, daga yau kullum Lahadi ce."

Abu na uku, yadda aka cika alkawarin.

Da aka zauna aka duba, sai aka gane laifin ba na citta ba ne, ba na hannun matan ba ne, na ƙasa ne. Citta in an tsaga ta tana da danshi, kuma duk abin da ta taɓa sai ta ɗauke shi. A kan ƙasa muke shanya, shi ya sa take kwasar yashi, take yin baƙi, awaki su bi ta kai. Tana bukatar daɓen siminti mai faɗi, ga rana daga safe har yamma. Babu mai irin wannan a cikinmu, domin gidajen haya muke, tsakar gida ɗaya ta iyali shida.

A lokacin ana ginin sabon cocinmu. An yi daɓe, an ta da bango, amma ƙarfi bai kai ga rufi ba. Matan suka je wurin dattijon ikilisiya, Baba Filibus. Ya saurare su, ya ɗaga kai ya dubi sama ta inda rufi ya kamata ya kasance, ya ce, "Shekara biyu ina addu'a Allah ya rufe mana ɗakin nan, ina cewa me ya sa yake jinkiri. Ashe ku yake jira. Ku shanya."

Mako shida aka yi. Litinin zuwa Asabar coci na citta ne, ranar Asabar da yamma a kwashe a share, ranar Lahadi a yi sujada. Sai dai ƙamshin citta ba ya jin tsintsiya. 'Yan kwaya, wato mawaƙan coci, su ɗauki waƙa, baiti ɗaya, sai atishawa. Fasto ya buɗe baki zai yi wa'azi, sai atishawa. Babu wanda ya yi gunaguni. Iyayenmu maza, waɗanda suka saba da zare da allura, su suka ɗinke buhuna, ɗinkin da Alhaji ya ce ko a Legas bai ga irinsa ba. Mahaifina ya yanka haruffa a jikin kwali, ya shafa fenti, kowane buhu ya fito da suna: Sabon Tasha, Kaduna, Najeriya. Ranar da mota ta zo ɗauka, na ga ya tsaya yana karanta rubutun a kan buhu ɗaya bayan ɗaya, alhali shi ya rubuta, kuma duk iri ɗaya ne.

Alhaji ya haɗa kayanmu da nasa a takardun fita, suka shiga jirgin ruwa. Wata uku muna jira. Da wasiƙa ta zo, mutumin ya ce ya sa an buɗe buhu arba'in ɗin duka, an zazzage, an duba sama da ƙasa, ba a sami wanda ya saɓa wa samfur ba. Ina gama fassarawa Mama Larai ta dafe ƙirji ta ce, "Yesu! Ashe da gaske ba shi da aikin yi!"

Jama'a, ni yarinya ce, ban san ƙasashe ba sai a taswirar makaranta. Amma na san yau akwai wani gari a bayan teku inda aka karanta sunan Sabon Tasha, aka buɗe, aka tarar da gaskiya a ciki. Ba injin ya yi wannan ba, ba digiri ya yi wannan ba. Matan da kuke wucewa a bakin kasuwa ne suka yi, da wuƙa, da tire, da yatsun da citta ta ƙone.

Abu na huɗu shi ne ya kawo mu, kuma ina roƙon ku kasa kunne.

Mutumin ya sake rubutowa. Bana buhu ɗari da ashirin yake so, kuma yana jiran amsa kafin ƙarshen wannan wata na Nuwamba, in ba haka ba zai nemi wasu. Citta tana nan, makonni kaɗan suka rage a fara tono a gida. Hannu yana nan, har mata goma sha ɗaya sun ba da suna suna son shiga ƙungiya. Abin da babu shi ne wurin shanya, domin a watan Agusta Allah ya amsa addu'ar Baba Filibus, an rufe coci da kwano. Mun yi murna, matanmu ne ma suka dafa abincin bikin. Amma rana ba ta shiga ciki kuma.

Saboda haka muna roƙon kwamiti ya zuba jarinsa a daɓen siminti a filin da ke bayan kasuwar Sabon Tasha, da ɗan shinge saboda awaki, da rumfa guda ta ajiyar buhuna. Ba sadaka muke nema ba. Ku sa sharaɗinku, mu cika, kun dai ji yadda muke da alkawari. Iyayenmu maza sun ce su za su yi kwaɓa da ɗaukar yashi. In lokacin citta ya wuce, masu barkono da masu kuɓewa da masu rogo su shanya nasu. Muna kuma roƙo, in zai yiwu, a ajiye ko da tebur ɗaya a wannan ƙetaren, da mutum ɗaya mai haƙuri, inda ƙaramin mai sana'a zai je ya tambayi yadda ake fitar da kaya ba tare da an yi masa dariya ba. Mu kuskurenmu ya zame mana alheri. Ba kowa zai yi wannan sa'a ba.

Na tambayi Mama abin da za mu yi in ba a sami daɓen ba. Ta ce, "Sai ki rubuta masa da ladabi ki ce bana ba za mu iya ba. Ba za mu koma shanya a ƙasa mu sa sunan garinmu a kai ba." Ta faɗa ba tare da ta daina wasa wuƙar tsagar citta ba, amma ni na san iyali nawa ke cin tuwo daga wannan amsa. Ni zan rubuta ta. Na iya rubuta a'a da Turanci mai kyau, malamaina sun koya mini. Ina roƙon ku, iyayena, kada ku bari in yi amfani da wannan ilimi.

Mai girma Shugaba, in ba zai zama rashin kunya ba, ina neman izini in rubuto maka takarda ranar Juma'a mai zuwa, in ji abin da kwamiti ya yanke, domin wasiƙa tana kwana goma a hanya, siminti kuma yana son lokacin bushewa.

Allah ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka shirya shi. Allah ya ta da injinan Kakuri da suka yi shiru, ya mai da iyayenmu bakin aiki. Allah ya sa albarka a hannun mai saƙa da mai ɗinki, mai ƙira da mai suya, mai fata da mai citta. Allah ya zaunar da mu lafiya, Kirista da Musulmi, wannan ƙetare da wancan. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.