Ƙofar da Clifford Thackray Ya Kulle da Hannunsa

Mai girma Rabaran Ainsworth, shugaban ƙungiyarmu ta masu fatsa Mista Oldroyd da 'yan kwamitinsa, Uwargida Glenys, 'yarku Rowena da jikoki, 'yan'uwana masu yini a bakin ruwa, ina gaishe ku, sannunmu da haƙuri.

Kowa ya san ba a wannan zauren ya kamata mu taru ba. Wasiyya ɗaya tak Clifford Thackray ya bari: a ƙone gawarsa, a zuba tokarsa a Tafkin Tsakiya, gindin bishiyar da ya saba zama. Ga tokar nan a ɗan tulu kusa da Uwargida. Tafkin kuma yana can cikin daji, ƙofa a kulle. Mu ga mu nan riƙe da kofin shayi, mun rasa yadda za mu yi.

Ya kasance mai gadin tafkunanmu tun gashin kaina yana baƙi. Ya kasance mai kafiyar tsiya, kuma a gaban iyalinsa nake faɗa, don sun fi ni sani. A bakin ƙofar daji ya girke bahon magani. Duk wanda ya zo sai ya tsoma ragarsa da takalmansa kafin ya shiga, don kada ya kwaso cuta daga wani ruwan. Na tuna ranar da Sugden, wancan da ke sunne kai a baya, ya zo da sabuwar raga fil a ledarta.

"Haba Cliff, ko ruwa ba ta taɓa gani ba!"

"To yau za ta gani. Tsoma."

"Kai dai da kifi ne surukinka, da ka ji daɗin duniya."

"Da ya fi ka jin magana. Tsoma, abokina, rana tana yi."

Sugden ya tsoma, kamar yadda dukkanmu muka tsoma.

Ya kasance shi ya koya mana yadda ake mayar da kifi ruwa. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, ka zare ƙugiya a hankali, ka tallafe shi cikin ruwa har sai ya kaɗa wutsiya ya tafi don kansa. In ya ga ka tsaya ɗaukar hoto ba ƙarewa, daga can tsallake za ka ji muryarsa: "Aro aka ba ka, ba kyauta ba!"

A zafin bana, wata safiya, ya tarar da manyan kifaye sun taso sama, ciki a waje. Da yawanmu muka ce ya dakata, ƙila zafi ne kawai, ga gasar shekara ta matso. Ko kallonmu bai yi ba. Ya kira hukuma, ya kawo sarƙa da kwaɗo ya kulle ƙofa. Ya ce, "Daga yau ba mai shiga. Har ni." Aka gwada, aka tabbatar cuta ce. Ta ina ta shigo? Wani ya ce tsuntsu, wani ya ce mai tsallake shinge ne. Har yau ba wanda ya sani. Duk shekarun da ya yi tsaye a kan bahon nan, ta zo ta wuce shi. Wannan abu yana ci mini rai.

Ba a jima ba ciwon zuciya ya kwantar da shi. Duk wanda ya je asibiti duba shi, kafin ya zauna zai tambaye shi, "Sun daina tasowa?" Ba mu taɓa samun amsa mai daɗi da za mu kai masa ba, har rai ya yi halinsa.

Ba su daina ba, jama'a. Ma'aikatan hukuma kaɗai ke shiga da nasu mabuɗin, su fito da buhunan matattun kifaye. Mun tambaye su yaushe za a buɗe, suka ce su ma ba su sani ba.

Mabuɗin Clifford kuwa yana rataye a kicin ɗin Uwargida. Shugabanmu ya je ya same ta, kuma ta ba ni izinin faɗar yadda suka yi. Ya ce, "Glenys, 'yan mintoci ne. Mu shiga mu cika masa wasiyya mu fito, ba wanda zai ji."

Ta ce, "Oldroyd, kai a kwamiti ka zauna da shi, ni a gida. Mutumin da ya sa na tsoma takalmin zuwa coci a bahon nan? In na buɗe ƙofar da ya kulle, da wane ido zan dubi tulun nan?" Sannan ta ce, "Ni dai ga shekaruna, ga numfashin nan da ke gagarata. In kuka makara, ku haɗa mu biyu ku zuba. Ban taɓa son ƙarnin kifi ba, amma zan daure."

Uwargida, ki gafarce mu. Mijinki ya yi mana komai, mu kuwa ko ranar da za mu sa miki ba mu da ita. Rowena, kin ji da kunnenki abin da mahaifiyarki ta ce; nauyin ba a kanki kaɗai yake ba, yana kan kowa a zauren nan.

Mun gode wa Rabaran, mun gode wa matan da suka dafa mana shayi, da duk wanda ya taso daga nesa. Allah Ya ji ƙan Clifford, Ya ba iyalinsa juriya. Ya Ubangiji, Ka ɗauke cutar nan daga ruwanmu, Ka buɗe mana ƙofar nan tun Glenys tana iya takawa zuwa gindin bishiyar da ƙafarta. Amin.