Abin da Za a Faɗa wa Likita

Ina goge benci a wani asibiti a Chiang Mai, ƙasar Thailand, na ji mata biyu suna magana. Dukansu maza aka haife su, takardar izinin tiyatar sauya jinsi suka zo nema.

Babbar ta ce, "Ƙanwata, in likita ya tambaya, ki ce maza kike so."

"Ƙarya ce, Yaya. Mace nake so, shekararmu shida."

"Kayya! Wasu masana sun ce irinmu kashi biyu ne: masu son maza, da masu sha'awar ganin kansu a jikin mace. A kashi na biyu zai jefa ki, ya hana ki takardar."

"Wasu masanan ai sun musa."

"Su gardama suke, ke takarda kike so. Ni saurayi na ƙirƙiro, Anurak, direban tasi. Har gashin baki na yi masa!"

"Shekara ashirin ina ƙaryar ni namiji ne. Ba zan ƙara wata ba, ko zai hana ni."

Aka kira lambar ƙaramar. Babbar ta riƙo hannunta.

"In kin fito, faɗa min yadda kuka yi. Tawa masoyiyar sunanta Duangjai."