Gwiwar Baba da Kwandon Shara

A ɗakin jiran ganin likitan ƙashi, wani dattijo mai sanda ya leƙa wayar matashin da ke gefensa.

"Ƙwallon kwando ce? Kai, 'yan wasan yanzu ragwaye ne. Su tsaya can nesa suna jifa kamar masu kaɗo mangwaro."

"Baba, maki uku ne fa. Na zamaninku ai kokawa suke yi."

"Kokawa? Tashi sama suke yi! Mutum ya ratsa ƙarti biyar ya cusa ta a kwando da hannu ɗaya. Na yanzu kana taɓa su sai kwanciya."

"To me ya sami gwiwar taka?"

Dattijon ya gyara zama. "Surukina ne ya yi mini gardama, na ce bari in nuna masa yadda ake tashin."

"Ta shiga?"

"Tare muka dawo ƙasa da ita. Kai fa, wannan bandejin?"

"Jifan nesa na gwada wa abokan aikina, da robar ruwa, daga kujerata zuwa kwandon shara. Kafaɗa ta goce."

"Ta shiga?"

"Ƙeyar manaja na samu."

"Ka gani ko? Mu na da, kanmu kaɗai muke ji wa ciwo."