Jirgin da Bai San Lorraine Ba

A tashar jiragen ruwa ta Seattle, inda jiragen yawon shaƙatawa ke tashi zuwa Alaska, wata mata ta dubi tsohon da ke zaune kusa da ita, ya rungume akwati.

"Baba, ba kai na ga ka sauko daga wancan jirgin ɗazu ba?"

"Ni ne. Wannan kuma zan hau."

"Ikon Allah! Alaska dai? Ƙanƙarar ba ta ishe ka ba? Ai da ka yi zamanka a jirginka na farko, ka huta da jan kaya."

"Haka na shirya. Na fasa."

"Abincinsu ne?"

"Masu kawo abincin ne. Duk shekara a wancan jirgin muke tafiya da matata, Lorraine. Da sanyin nan muka binne ta. A tafiyar nan, ina zama, mai hidimar teburinmu ya ja mata kujera, ya kawo shayinta, wai ina uwargida?"

"Ayya. Ka gaya masa?"

"Na kasa. Na ce kanta ke ciwo. Har muka dawo, kullum sai sun ba ni miya in kai mata ɗaki."

"Allah ya jiƙanta. To ai a wannan jirgin ka huta, ba wanda ya san ta."

Tsohon ya daɗe yana kallon sabon jirgin.

"Shi ya hana ni tashi, 'yata. A nan babu mai tambayar ina take."