Kofin Koci

A tashar motar Sunkani, ni da tumbina mun cinye rabin benci. Sauran rabin wata mata ce mai buhun gyaɗa, da wani dattijo mai usur a wuya.

"Baba, kai ɗan sanda ne?" in ji matar.

"Koci ne, Hajiya. Shekara ashirin da biyu ina koyar da ƙwallo a sakandaren bayan kasuwa, tun muna jihar Gongola. Ranar da na yi ritaya har mai tsaron raga ya yi kuka."

"Wannan ai ya saba."

"Na san yanzu 'yan ƙwallon makarantar sun lalace. Ba na ma tambaya." Ya ɗan matso. "Kin ji labarinsu?"

"Ɗana yana cikinsu. Bana suka ci kofin jiha."

Dattijo ya tura usur cikin riga.

"Kai kofi nawa ka ci, Baba?" in ji matar.

"Ɗaya."

"Wace shekara?"

"Ranar bankwana malamai suka ba ni. Na tangaran ne, ina shan shayi da shi." Ya gyara hula. "Nasu kuwa, Hajiya, ko ruwa ba a sha da shi."