Ragowar Maganin Muhsina

A kan bencin asibiti a Gumel, Haulatu ta rungume ɗanta mai zazzaɓi tana mita. Wata dattijuwa na gefenta, riƙe da kati.

"Inna, wai kwana goma zai yi yana shan magani! Don ciwon maƙogwaro kawai? Yana fara haɗiyar tuwo zan ajiye kwalbar."

"Sun duba shi?"

"Sun haska da tocila. Wai ƙwayar cuta ce."

"To ki ba shi har ya ƙare, 'yar nan."

"Haba Inna, ragowar ai ta ƙaninsa ce, in nasa ya tashi."

"Haka na yi wa jikata Muhsina. Kwana uku ta warware, na binne kwalbar cikin yashin gindin randa kada ta lalace. Bayan wata guda gwiwoyinta suka kumbura, likita ya ce ciwon ya taɓa zuciya. Shekara biyu muna zarya nan."

Haulatu ta dubi katin. "Ita kika kawo?"

"A'a, Allah ya karɓi abarsa. Katinta na dawo musu da shi. Kwalbar kuwa tana nan gindin randa. Na kasa tono ta."