Addu'a Kafin Tsumagiya

A tashar Madarunfa, muna jiran mota ta cika, wata mata ta ga Littafi Mai Tsarki a cinyar wani dattijo.

"Baba, ku ma kuna dukan 'ya'yanku?"

"Muna yi. Amma ban taɓa dukan ɗana Ishaya cikin fushi ba. Sai mun durƙusa mun yi addu'a tare, sannan in ɗauko tsumagiya."

"Ya shiryu kuwa?"

"Likita ne a Yamai. Duk Lahadi yana kirana."

"Ai sai godiya, Baba."

"Na gode wa Allah. Amma da na ce mu yi addu'a, sai ya ce rezon wayar ya ɗauke, ba ya ji na. Ni kuwa Amin ɗinsa kawai nake so in sake ji."